Lale da Tulif: Yadda Fure Ya Gaji Sunan Rawani

Duk wanda aka nuna wa hoton gonakin ƙasar Holan a watan Afrilu, layi ja, layi rawaya, layi fari, har iyakar ganin ido, zai ɗauka furen nan ɗan gida ne a can tun kaka da kakanni. Mutanen Holan suna ce masa tulp, Jamusawa Tulpe, Faransawa tulipe, Italiyawa tulipano, masu Ingilishi kuma tulip. Bakin Bahaushe bai raba p da f ba, don haka tulif zai ce, kuma haka za a rubuta shi a nan. Sai dai furen baƙo ne a Turai, sunan ma baƙo ne. In aka bi sawun kalmar, za a ratsa ta Latin, a faɗa Turkanci, a tsaya a Farisanci, kuma abin da za a tarar a ƙarshen sawun rawani ne.

Turkawa da Farisawa, waɗanda kalmar rawanin ta fito daga bakinsu, ba da ita suke kiran furen ba. A wurinsu sunansa lale, tun kafin wani Bature ya kai shi lambunsa, har yau ɗin nan. Ke nan fure ɗaya yana yawo a duniya da sunaye biyu: wanda 'yan gida suka raɗa masa bayan dogon zama tare, da wanda baƙi suka laƙaba masa a ganin farko. Na biyun ne ya shiga littattafan kimiyya da manyan kasuwanni. Hausawa sun ce suna linzami ne. To, ina kowane linzami ya ja furen, kuma me ya sa na baƙo ya fi na gida cin nisa?

Kafin suna, ga mai sunan. Tulif gajeren tsiro ne mai 'yan ganye masu faɗi, da kara guda wanda yawanci fure ɗaya tak yake ɗauka a kai, mai ɓangarori shida da suke haɗuwa kamar ƙaramin kofi. A ƙarƙashin ƙasa yana da kai irin na albasa, inda yake ajiye abincinsa. Na dawa sun haura nau'i 70, kuma cibiyarsu tana duwatsun Tien Shan da Pamir a tsakiyar Asiya, yankin da a yau ya haɗa Kazakistan da Kirgistan da Tajikistan da Uzbekistan. Daga nan suka bazu zuwa Iran da Anatoliya, wasu har arewacin Afirka. Wuraren nan suna da matsanancin sanyi da kuma rani mai ƙuna. Albasar tana kwance a ƙasa tsawon hunturu, ƙanƙara na narkewa ta tsiro ta yi fure, zafi na shigowa ganyen ya bushe ta koma barci. Da yawa daga cikin na dawan jajaye ne, kuma daga wannan jan ne sunan gida ya samo ma'anoninsa.

Sunan gida

Lale kalmar Farisanci ce. Farisawa suna furta ta laleh, Turkawa suka ara suka ce lale, masu Urdu kuma lala. Wasu masana harshe suna danganta ta da lal, wato ja, da kuma la'al, jan dutse mai daraja. A tsohon Farisanci kalmar ta fi faɗi fiye da yadda masanin tsirrai zai so: jajayen furannin dawa da suke rufe tuddai bayan sanyi, da tulif da wasu da ba danginsa ba, duk ana iya ce musu lale. Har yanzu akwai wani tsiro dabam a duwatsun Zagros, mai furanni da suke kallon ƙasa, wanda Iraniyawa da Turkawa suke kira lale mai sunkuye. Daga furen kalmar ta tsallaka zuwa abin da ya yi kama da shi: a Farisanci gilashin da ake kifa wa kyandir lale ne, fatar kunne ta waje ma lalen kunne ce. Wurin da furen ya yi yawa kuwa lalezar, kuma sunan wani tsohon titi ne sananne a birnin Tehran. Ana raɗa wa 'ya mace Laleh a Iran, Lale a Turkiyya. Kunnen Bahaushe zai ji kamar lalen da muke yi wa baƙo, ko lallen da mata suke ƙunshi da shi, amma kamar sauti ce kawai, ba su haɗa asali ba.

Mawaƙan Farisa sun leƙa cikin furen sun ga abin da mai kallo daga nesa ba ya gani. A gindin jan ɓangarorin, daga ciki, akwai baƙin tabo. Sun kira shi dag, wato tabon ƙuna, suka mai da furen hoton masoyin da begen wani ya ƙone masa zuciya: waje ja, ciki baƙi. Akwai tatsuniyar da ake haɗawa da labarin Farhad da Shirin, cewa inda jinin Farhad ya zuba bayan an kawo masa labarin ƙarya na mutuwar masoyiyarsa, nan jajayen lale suka tsiro. Daga jinin masoyi ma'anar ta koma jinin wanda ya mutu saboda ƙasa ko addini. A Iran ta yau lale furen shahidai ne. Tambarin da yake tsakiyar tutar ƙasar tun 1980, wanda Hamid Nadimi ya zana, sunan Allah ne da aka tsara shi cikin siffar lale. Muhammad Iqbal, mawaƙin da Pakistan take tinƙaho da shi, ya sanya wa wani babban sashe na littafinsa Payam-i Mashriq, wanda ya fito a 1923, sunan Lalen Dutsen Ɗuri Sina.

Ma'anar da ta fi kowace zurfi a wurin Turkawa tana cikin baƙaƙe, kuma duk wanda ya yi karatun allo zai gane ta nan take. A rubutun Larabci ana rubuta lale da haruffa huɗu: lam, alif, lam, ha. Sunan Allah ma haruffa huɗu ne: alif, lam, lam, da ha ɗin da almajiranmu suke kira ha kuri. Haruffan dai su ne, wurin zamansu ne ya sauya. Hilal, wato jinjirin wata, shi ma daga waɗannan huɗun aka gina shi. A lissafin abajada, wanda malamanmu suke fitar da ramzin shekara da shi a ƙarshen waƙa, alif ɗaya ne, lam talatin, ha biyar. Kowace daga cikin kalmomin uku tana ba da 66, kuma ko an bi tsarin Gabas ko na Magrib da aka saba da shi a ƙasar Hausa, adadin bai sauya ba. Wannan ba hukuncin shari'a ba ne, hikima ce ta marubuta da masu zane, waɗanda suka ƙara da cewa kara ɗaya mai fure ɗaya yana tuna wa mai kallo kaɗaitakar Mahalicci. Shi ya sa lale ya cika bangon masallatai. Wanda ya shiga masallacin Rustem Pasha a Istanbul, ginin Mimar Sinan na ƙarni na 16, zai ga furen a kan tayil ɗin tangaran na garin Iznik, siffa bayan siffa. Yana jikin rigunan sarakuna, da darduma, da maɓuɓɓugan ruwa, da bangon littattafai.

Yadda rawani ya shigo zancen

A Farisanci akwai kalmar dulband, wadda gaɓarta ta ƙarshe, band, take nufin ɗauri. Turkawa suka are ta suka mai da ita dulbend, daga baya tulbent. Abin da suke nufi da ita shi ne farin yadi marar nauyi, shara-shara, wanda ake naɗawa a kai, irin wanda muke kira harsa. Naɗaɗɗen rawanin kansa sarik suke ce masa. A Daular Usmaniyya ta Turkiyya, wadda kakanninmu suka sani da mulkin Sarkin Santambul, rawani shaida ce ta matsayi. Girmansa da salon naɗinsa suna faɗin ko mutum waziri ne, ko alƙali, ko malami, ko ɗan ɗarika. Har a maƙabartun Istanbul, a wancan zamani, ana sassaƙa rawanin mamaci a kan dutsen kabarinsa. Baturen ƙarni na 16 da ya sauka a birnin, abin da ya fara cika masa ido ke nan, kuma kalmar da ya ji ana faɗi game da shi ita ya ɗauka zuwa gida.

Labarin da aka fi yaɗawa ya rataya ne a wuyan Ogier Ghiselin de Busbecq, mutumin Flanders, wanda Ferdinand na gidan sarautar Habsburg ya tura jakada fadar Sultan Sulaiman a 1554. A cikin wasiƙunsa na Latin ya ba da labarin furannin da ya gani a kan hanya tsakanin Edirne da Istanbul, ciki har da wanda ya ce Turkawa suna kira tulipam, fure marar ƙamshi sosai amma mai kyawun launi. Tunda Turkawa lale suke cewa, sai masu nazari suka yi ƙoƙarin gano inda aka samu saɓani. Wasu suka ce tafinta ne ya kwatanta masa siffar furen da naɗaɗɗen rawani, shi kuma ya ɗauki kwatancen a matsayin suna. Wasu suka ce ya nuna furen da wani ya soke a rawaninsa, kamar yadda Turkawa suke yi don ado, aka zaci yadin yake tambaya.

Labarin yana da daɗin ji, amma akwai abubuwa biyu da suke rage masa ƙarfi. Na farko, Busbecq ya ce a tsakiyar hunturu ya ga furannin, alhali tulif a wannan yanki sai wajen Maris da Afrilu yake buɗewa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa masana suke ganin an tsara wasiƙun ne shekaru bayan tafiyar, kuma ba a buga ta farko ba sai 1581 a Antwerp. Na biyu, kalmar ta riga littafinsa fitowa. A watan Afrilu na 1559 masanin halittu Conrad Gessner, mutumin Zurich, ya ga jan tulif a lambun wani babban mutum mai suna Herwart a birnin Augsburg na Jamus, kuma a 1561 ya buga bayaninsa da zanensa ƙarƙashin sunan Tulipa Turcarum, wato tulif ɗin Turkawa. Shekara 20 ke nan kafin wasiƙar Busbecq ta shiga hannun masu karatu. Abin da ya fi kama hankali shi ne sunan ya taso ne a bakin fatake da jakadu da tafintoci da suke kai-komo tsakanin Istanbul da Venice da Vienna, waɗanda suka riga suka san kalmar rawanin, suka ga fure mai dunƙulen kai daga ƙasar masu rawani, suka haɗa biyun. Abin da ba a jayayya a kai shi ne tushen kalmar, da kuma cewa ba masu furen ne suka ba shi ita ba.

Tagwayen da suka rabu

A Turai ta ƙarni na 16 kalmar ba ta tsaya a siffa ɗaya ba. A rubuce-rubucen Ingilishi na lokacin ana samun tolipane da tulipant da turbant, duk da ma'anar rawani. A hankali aka yi rabon gado. Siffar da lam ɗinta ya koma ra ta zauna a kan rawani: turbante a Italiyanci, turban a Faransanci da Ingilishi. Musayar waɗannan sautuka biyu ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tunda Basakkwace yana cewa halshe inda Bakano yake cewa harshe. Siffar da ta riƙe lam ɗinta kuwa ta zauna a kan fure. Sifaniyawa da mutanen Hungary da Poland sun bar ta da jelarta, tulipan. Faransawa da Ingilishi da mutanen Holan suka datse jelar. A 1753 Carl Linnaeus na Suwidin, wanda ya kafa tsarin sunayen kimiyya da ake bi har yau, ya tabbatar da Tulipa a matsayin sunan dangin, ya kuma kira na lambu Tulipa gesneriana don tunawa da Gessner. Daga ranar, ɗalibin ilimin tsirrai ko a Tehran yake ko a Istanbul, da kalmar rawani zai rubuta sunan furen a jarrabawa.

In aka baza taswirar Turai aka bi sunan ƙasa-ƙasa, za a ga wata iyaka da ba a zana ba. Bulgeriyawa suna cewa lale, Romaniyawa lalea, Sabiyawa lala. Waɗannan al'ummai ne da suka zauna ƙarƙashin ikon Turkawa na ƙarnoni, suka ga furen a lambun maƙwabci, suka ji sunansa daga bakin mai shi. Daga Vienna zuwa yamma da arewa kuwa, inda furen ya iso cikin kayan fatake da wasiƙun masana, sunan rawani ne ya kafu. Ko Rashawa, da na dawa yake tsirowa a filayensu na kudu, tyulpan suke cewa, aron da suka yi daga yammacin Turai. Larabcin zamani ma ya karɓi tulib daga Turawa, duk da cewa wasu ƙamusoshi suna ba shi khuzama, tsohon sunan wani tsiro mai ƙamshi na daban. Sunan da al'umma take kiran furen da shi yana faɗin hanyar da ya bi ya iso gare ta.

Albasar da ta fi gida tsada

Akwai kalma ta uku da take bin furen duk inda ya je, ita ce albasa. Turkawa suna kiran kan da ake shukawa albasar lale, Farisawa ma haka, Jamusawa kuma albasar fure. Kamannin ya taɓa ruɗin wani attajirin Antwerp wajen 1562. An aiko masa da yadi daga Istanbul, a cikin kayan ya tarar da wasu kawuna, ya zaci albasar Turkawa ce, ya sa aka gasa wasu ya ci da mai da ruwan tsami, ya binne sauran a lambu. Carolus Clusius ne ya adana wannan labari, kuma shi ne mutumin da ya fi kowa yaɗa furen a Turai. Ya kula da lambun sarki a Vienna daga 1573, sannan a 1593 ya koma jami'ar Leiden a Holan da tarin albasarsa, suka yi fure a 1594. Abin da attajirin Antwerp ya ci bisa kuskure, mutanen Holan sun ci shi bisa larura a hunturun yunwa na 1944 zuwa 1945, lokacin da mamayar Jamus ta yanke wa biranensu abinci.

Yadda kowane ɓangare ya raɗa wa ire-iren furen suna yana nuna abin da yake gani a cikinsa. A Istanbul sunayen na Larabci da Farisanci ne, masu ƙamshin waƙa da addini. Ɗaya daga cikin na farko-farko, Nuru Adnin, wato hasken Aljanna, ana danganta shi da babban mufti Ebussuud Efendi. Sun fi son fure siriri mai dogayen ɓangarori masu tsini. A Holan sunayen na muƙami ne da mallaka: Admiral wane, Janar wane, sau da yawa da sunan mai lambun ko garinsa a haɗe, sai kuma wanda ya fi kowane shahara, Semper Augustus, fari mai zanen ja. Su masu ratsin launi suka fi so, waɗanda suke kira fasassu. Ba su san cewa ciwo ne yake kawo ratsin ba. Sai a 1928 Dorothy Cayley ta nuna a Ingila cewa ƙwayar cuta ce ta bairos, wadda aka gano ƙananan ƙwari masu tsotson ganye suke yaɗawa. Ciwon yana raunana albasar, ta ƙi hayayyafa sosai, ƙarancinta kuma ya sa ta yi tsada.

Tsadar ta kai ƙololuwa a hunturun 1636 zuwa 1637. Albasa tana binne a ƙasa, ana cinikinta a takarda a ɗakunan shan giya, takardar tana sauya hannu kafin kowa ya ga abin da ya saya. Mutanen Holan da kansu suka ba wa harkar suna windhandel, cinikin iska. Kai ɗaya na irin da ake rububi ya kai dubban gilda, kuɗin Holan na lokacin, a lokacin da ƙwararren mai sana'a yake samun kimanin 300 a shekara. A farkon Fabrairu 1637 aka nemi masu saye a birnin Haarlem aka rasa, farashi ya rushe. Littafin Charles Mackay na 1841 ya zuzuta abin har ya zama kamar ƙasa ce gaba ɗaya ta talauce. Binciken Anne Goldgar na 2007 cikin takardun kotu da na 'yan kasuwa ya nuna cewa harkar ta tsaya ne tsakanin wasu masu hali, kuma tattalin arzikin Holan bai durƙushe ba. Duk da haka sunan furen ya sami sabuwar ma'ana: masana tattalin arziki har yau suna ambaton haukan tulif in farashin wani abu ya kumbura fiye da ƙimarsa. Kalmar da ta fara a yadin naɗi ta zama gargaɗi ga 'yan kasuwa.

Abin da ya faru a gida

Istanbul ma ta yi nata zamanin. Daga 1718 zuwa 1730, ƙarƙashin Sultan Ahmed na Uku da wazirinsa Damat Ibrahim Pasha, manyan gari sun shagala da lambuna da liyafa, farashin albasar lale ya hau har sai da hukuma ta fitar da jerin ƙayyadadden farashi. Boren Patrona Halil ya kawo ƙarshen abin a 1730, aka kashe wazirin, sarkin ya sauka. Ana kiran shekarun nan Lale Devri, zamanin lale, amma waɗanda suka rayu a cikinsu ba su san wannan suna ba. A farkon ƙarni na 20 aka ƙirƙiro shi, kuma littafin masanin tarihi Ahmed Refik na 1913 ne ya yaɗa shi.

Sai kuma tarihi ya kwance igiyoyin biyu, ta rawani da ta baƙaƙe, ɗaya bayan ɗaya. A 1829 Sultan Mahmud na Biyu ya umarci ma'aikatan gwamnati su ajiye rawani su sa jar dara. A 1925 Mustafa Kemal Ataturk ya hana darar ma, ya kawo hular Turawa, rawani ya rage a kan limamai. A 1928 aka bar rubutun Larabci aka koma haruffan Latin. Yaron Turkiyya na yau yana rubuta lale da baƙaƙen da ba su nuna masa komai game da sunan Allah ko jinjirin wata. Sai an gaya masa. Mu da muka ga yadda boko ya ture ajami gefe mun san irin abin da yake ɓacewa in aka sauya wa harshe baƙaƙe. Kalmar tulbent tana nan a Turkanci, amma ta koma nufin siririn yadin da mata suke ɗaurawa ko ake tace abu da shi. Ita kuwa turban ta dawo gida daga Faransanci a matsayin baƙuwa, ana kiran wani salon lulluɓin mata da ita. Lale dai bai gusa ba. Kowane Afrilu ana shuka miliyoyinsa a lambunan Istanbul, kuma fatakenmu da suke zuwa sarin tufafi a unguwar Laleli suna ambaton sunansa kullum, domin ma'anar Laleli ita ce mai lale.

Mu da sunayenmu

Hausa ba ta da sunan wannan fure, kuma dalilin a bayyane yake: albasarsa tana buƙatar watanni kusan uku na sanyin da hunturunmu ba ya kaiwa kafin ta yi fure. Amma hanyoyin da sunansa ya bi duk mun san su. Albasa kanta daga Larabci muka aro, al-basal, muka haɗiye alif da lam ɗin cikin kalmar. Tsiron dawa mai kai a ƙasa da yake fitar da manyan furanni da faɗuwar damina, albasar kwaɗi muke ce masa, bisa hankalin da ya sa Baturke ya ce albasar lale. Masara kuwa asalinta nahiyar Amurka ne, amma muka ba ta sunan Masar. Har wani dogon itace mai jajayen furanni na kurmin Afirka ta Yamma, wanda ba ya da dangantaka da tulif ko kaɗan, Turawa sun kira shi itacen tulif na Afirka, don haka sunan rawanin Baturke ya iso kudancin Nijeriya da Ghana da Kamaru ta wata ƙofar.

Ga marubucin Hausa ko mai fassara, shawarata ita ce a riƙe sunayen biyu, kowanne a muhallinsa. In ana zancen gonakin Holan, ko kasuwa, ko darasin kimiyya, tulif ya wadatar, domin shi mai karatu zai tarar a ko'ina. In kuwa waƙar Farisa ce, ko Iqbal, ko fim ɗin Turkiyya da ake juyawa zuwa Hausa, a bar shi lale, a yi masa ɗan bayani. Wanda ya sa tulif a wannan wuri ya zubar da jinin shahidi da tabon zuciya da lissafin 66 gaba ɗaya, ya miƙa wa mai sauraro kofin fure kawai.

Sunan baƙo bai yi nasara don ya fi dacewa ba. Ya yi nasara ne don shi aka fara bugawa a littafi, aka sa a jerin kaya, aka koyar a jami'a. Haka ta faru da itatuwan ƙofar gidanmu. Ɗorawa, wadda iyayenmu mata suke daddawa da kalwarta, a littafin kimiyya Parkia ce, sunan Mungo Park. Kuka kuma Adansonia, sunan Bafaranshe Michel Adanson. Tarin sunayen tsirrai na Hausa da masu bincike suke komawa gare shi har yanzu, likita ɗan Sikotlan J. M. Dalziel ne ya buga shi a 1916. Ya yi aikin da ya cancanci godiya, amma an wuce shekara ɗari, kuma masu sanin suna nan da rai: makiyaya, da magori, da maharba, da ungozoma, da tsofaffin manoma. Aikin sassan Hausa da na ilimin tsirrai a jami'o'inmu ne su zauna da su, tsiro a hannu, su rubuta sunan da karin kowane yanki, da dalilin sunan, da abin da ake yi da tsiron, su kuma buga shi da Hausa yadda 'ya'yan masu sanin za su iya karantawa.